Dodon Goronyo, Jar Akuya da Ayabar Dala Miliyan Shida

Akwai masu zane a ƙasashen duniya waɗanda ba su taɓa cin albasar Goronyo ba, ba su san ran Lahadi kasuwar garin ke ci ba, amma sunan Goronyo yana rubuce a ƙarƙashin aikinsu. Dalilin kuwa wata dabbar ruwa ce da ta ƙare tun ba a yi ɗan Adam ba, wadda masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus. Tsakanin 1969 da 1971 wasu masana duwatsu daga Jami'ar Florence ta Italiya suka tono ƙasusuwanta a ƙasar Goronyo, a 1972 suka sa mata sunan wurin. A lissafinsu ta rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da teku ya shafe wannan yanki har cikin Nijar da Mali. Dogon baki gare ta, da ƙananan idanu, da haƙora irin na kada. Ƙoƙon kanta yana Florence.

Da yake ba wanda ya taɓa ganinta da tsoka da fata, kowane mai zanen dabbobin da yana ƙera ta ne gwargwadon abin da ƙashi ya nuna masa, sauran kuma ya cike da tunaninsa. Wani ya yi ta koriya, wani toka-toka, wani da ratsi a gadon baya. Duk yaron da ke jefa fatsa a bakin dam, in ya rubuta sunan a wayarsa, zai gan su jere.

Rabah a aljihun kowa

Fuskar Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah a 1910 kuma ya riƙe hakimcinta daga 1934, ita ce a gaban takardar Naira 200 tun da aka fito da ita a shekarar 2000. Mai rake ya riƙe ta, ɗan kabu-kabu ya riƙe ta, mai kiri ya cusa ta a hula. Amma tsayar da mutanen kasuwa ka tambaye su wa ya zana fuskar, da waɗannan siraran layuka da suka fitar da naɗin rawani, za ka ji shiru. Ajamin da ke jikinta ma hannun wani ne ya fara rubuta shi.

Haka dagin Arewa. Tun ba a haifi Sardauna ba yana jikin manyan riguna da bangon zaure da kayan doki. A zamanin gwamnatinsa ne ya zama tambarin Arewa baki ɗaya. Yau masu zane a kwamfuta sai juya shi suke yi: ga shi a katin ɗaurin aure, ga shi a ƙofar ƙarfe, ga shi a buhun shinkafa da rigar ƙwallo. Babu zanen da ake sabuntawa a Arewa kamarsa, kuma ba a biyan kowa ko sisi don an ara, tunda ba a san mai shi ba.

Wurno

A watan Afrilun 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Wurno zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya yi makonni a garin. Duk inda ya bi yana zana gari da dutse da bukka a gurguje. Da littafin tafiyarsa ya fito a juzu'i biyar a 1857 da 1858, sai ga hotuna masu launi ciki, har da Kano daga kan Dala. Ba Barth ya ƙarasa su ba. Wani mai zane ne a Jamus, Johann Martin Bernatz, ya karɓi abin da Barth ya zazzana ya cika shi da launi da mutane da dabbobi. Bernatz ya taɓa zuwa Habasha, amma ƙasar Hausa bai taka ta ba. Ke nan hotunan da Turai ta daɗe tana kallo a matsayin kamannin ƙasarmu, wanda bai gan ta da idonsa ba ne ya shafa musu launi.

Shi kuwa mai garin, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa, ya rasu a can a 1837 kuma can hubbarensa yake, yana da ra'ayi kan masu sana'ar hannu da ya kamata a karanta wa shugabannin ƙananan hukumomi. A littafin siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a cikin wajibin shugaba, ya ambaci maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, ya ce a tabbatar kowane gari yana da nasa.

Aiki ya tafi, suna ya tsaya

Jar akuyar Sakkwato ta fi masu ita suna a duniya, sai dai ba da sunanta ba. Majemi ya jeme fatarta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, fatake su haura Sahara da ita, ta shiga Turai ta gaɓar Arewacin Afirka, sai Turawa suka kira ta fatar Maroko. Da ita aka yi wa littattafai masu tsada bango a ɗakunan karatun Ingila. Labarin bai canza sosai ba: fatun da ake jemewa a Kano yau suna tafiya Italiya da Sifaniya, su zama jaka da takalmi da tambarin wani kamfani, alhali akuyar daga kasuwanni irin su Achida da Goronyo aka ja ta. A shiyar Madunka cikin birnin Sakkwato dukawa na nan suna sabunta hannu. Gafaka da kube da tim-tim ba su ɓace ba, an dai ƙara jakar mata da walat da gidan waya.

Akwai kuma waɗansu mutum-mutumin yumɓu da dillalan kayan tarihi ke kira "na Sakkwato". Ana gane su da gira mai nauyi da ta sauko kan ido, da siririn gemu. Yawancinsu haƙo su aka yi a ɓoye aka fitar, shi ya sa ba a san ramin da kowane ya fito ba, balle wanda ya gina shi. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da aka fi sacewa. A shekarar nan dai aka baje ɗaya daga cikinsu, tare da biyu na Nok, a gidan tarihi na Louvre a Paris, aka yi ta cece-ku-ce. Yadda aka sasanta a 2002 shi ne abin mamakin: Faransa ta yarda kayan Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25 da za a iya sabuntawa.

Kwatanta wannan da makaɗa. Wa zai manta Ɗan'anace, mutumin ƙasar Gandi, da waƙarsa ta Shago? Wa zai manta Narambaɗa na Isa? Makaɗi yana ambaton kansa a cikin waƙarsa, ya yi wa kansa kirari, 'yan amshi su maimaita, suna ya shiga kunne tare da kiɗa. Magini kuwa ya gama zanen zaure ya wanke hannu ya tafi, a ce zauren Alhaji wane. Mai ɗinkin aska takwas ya yi watanni yana tsiyayar da idonsa, a ce rigar Hakimi. Marubutan hannu ne kaɗai suka saba sa suna a ƙarshen littafin da suka kwafa, su ma da neman addu'a suke haɗawa. A ganina wannan ne babban abin da ya raba masu zanenmu da na kasuwar duniya, ba gwaninta ba.

Abin da sa hannu ya jawo

A ƙarshen 2017 wani ma'aikacin gidan gwanjo na Bonhams ya shiga wani gida a arewacin Landan ya tarar da zanen Tutu, wanda mai zane ɗan Najeriya Ben Enwonwu ya yi wa wata gimbiyar Ife a 1974, rataye a bango, bayan an yi shekaru ana cigiyarsa. A watan Fabrairun 2018 aka sayar da shi fam miliyan 1.2.

Na biyun ya fi ban dariya. Wasu iyali a Amurka suna da hoton mahaifiyarsu, Christine, wanda aka zana a Legas a 1971, yana rataye a gida shekara da shekaru. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya karanta sa hannun da ke jikin zanen ya rubuta a Google. Enwonwu ne. A 2019 aka sayar da shi fam miliyan 1.1. Da ba a sa hannu ba, da har yau hoton Mama ne kawai.

Ladi Kwali ta tsira da sunanta. Maginiyar tukwane ce daga Kwali, ta koya wurin gwaggonta, a 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja. A can, ban da adon ƙadangare da kifi da kunama da take zanawa, tana buga harufa biyu na sunanta a jikin tukunya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, ga ta yau a bayan Naira 20 tana gini.

Zariya ma tana da nata abin mamakin. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su kwaikwayi Turawa kawai ba, sai sun haɗa da zanen gida. Daga nan zanen zamani na Najeriya ya kama hanya. Kusan dukansu 'yan Kudu ne, a tsakiyar ƙasar Zazzau. Cikin malaman wurin akwai Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano. A watan Oktoban 2025 gidan Tate Modern na Landan ya buɗe babban baje koli kan zanen zamani na Najeriya, da ayyukan 'yan Zariyan nan da tukwanen Ladi Kwali.

Wani malamin zane na Jami'ar Ahmadu Bello, David Heathcote, shi ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Shi ne kuma ya yi rubutu kan wani mai zanen bango, Musa Yola. Bango yakan faɗi, fenti yakan koɗe, amma saboda mutum ɗaya ya tsaya ya tambayi suna ya rubuta, ana ambaton Musa Yola har yanzu.

Na raye, a gurguje

Otobong Nkanga, an haife ta a Kano a 1974, tana zaune a Beljiyam. A babban baje kolin documenta na 2017 abin da ta kai shi ne sabulu, baƙi, na gawayi da mayuka daga ƙasashe daban-daban, ana sayar wa mai kallo bayan an zauna an yi masa bayanin inda kowane haɗi ya fito. Ita ta ci kyautar Nasher ta 2025, dala 100,000.

A baje kolin nan dai Aboubakar Fofana na Mali, gwanin rini da baba, ya rina tumaki 54 masu rai a Atina ta Girka, kowace ƙasar Afirka tunkiya ɗaya. Masu kare haƙƙin dabbobi ba su ji daɗi ba.

El Anatsui, ɗan Ghana da ya yi shekaru yana koyarwa a Nsukka, marafan kwalabe yake tarawa, a daddaƙe su a ɗinke da wayar tagulla har su zama wani ƙaton mayafi mai sheƙi. In an kai aikin gidan baje koli ba ya cewa ga yadda za a rataya, masu wurin ke naɗe shi yadda suka ga dama. Ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin Venice a 2015.

Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili da ta yaƙi jabun magunguna, an sayar da zanenta ɗaya dala miliyan 3.4 a 2018.

Wanda ya fi kusa da mu a ɗabi'a shi ne Ibrahim Mahama na Tamale ta Ghana, an haife shi a 1987. Yakan bi 'yan kasuwa ya ba su sabbin buhuna ya karɓi tsofaffi, waɗanda suka ɗauki koko, suka koma ɗaukar masara, suka ƙare a gawayi, duk da faci da rubutun masu su. Sai a ɗinke su a lulluɓe gini sukutum. Ya yi haka a Venice a 2015, ya yi a Jamus a 2017. A 2024 ya rufe wani ɓangaren ginin Barbican na Landan da yadi mai faɗin kimanin murabba'in mita 2,000, wanda ɗaruruwan masu sana'a suka ɗinka da hannu a filin ƙwallon Tamale, aka jera tsofaffin riguna kusan 100 a jiki. Abin da ya sa nake ganin girmansa ba tsadar aikin ba ce. Kuɗin da ya samu Tamale ya mayar, ya buɗe cibiyar fasaha a 2019, ya sayo tsofaffin jiragen sama da taragon jirgin ƙasa ya ajiye, yara 'yan makaranta suna shiga ciki ana koya musu. Tamale ba babban birnin ƙasa ba ce, arewa ce mai ƙura irin tamu, amma yanzu manyan masu harkar zane na duniya suna yin tattaki zuwa can.

Waya ta zama dillali

A watan Fabrairun 2019 wani matashi daga Kaduna, Eli Waduba Yusuf, ya zana ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart da fensir, ya ɗora a Twitter ya roƙi jama'a su yaɗa har ya kai ga mai fuskar. Ya kai. Hart ya ce zai saya, ya kuma ba shi aikin zana wasu abokansa uku.

A 2018 wani yaro ɗan shekara 11 a Legas, Kareem Waris Olamilekan, ya zana shugaban Faransa Macron cikin awa biyu, shugaban na wurin.

Osinachi na Aba da Microsoft Word yake zane, manhajar nan da ake buga takardar neman aiki da ita a shagon kwamfuta. A 2021 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da ayyukansa a Landan.

Williams Chechet, haifaffen Kano da ya tashi a Kaduna, ya yi suna da fuskokin 'yan Arewa cikin launuka masu ƙarfi. Mustapha Bulama na Daily Trust kuwa, zanen barkwancinsa kan riga labarin da aka yi shi dominsa zagaya WhatsApp.

Wadda ta fi shafar gabashin Sakkwato ita ce Fati Abubakar ta Maiduguri. A 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da kango, ta fara ɗora hotunan 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki a Instagram, har manyan jaridun duniya suka lura. Yau in ka nemi hoton Rabah ko Goronyo a intanet, labarin 'yan bindiga ne ke fara fitowa. Harin gaskiya ne, ba mai musu. Amma dam ɗin Goronyo da aka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, yana nan da masuntansa da kwale-kwalensu. Fadamar Wurno na nan da shinkafarta da tafarnuwarta, kuma kusan kowane saurayi a wurin yana da kyamara a aljihu.

Rubutu da laka

Malamai sun yi magana mai tsawo kan zana abu mai rai, kuma iyaye da yawa a wannan yanki tsantseni suke yi da shi. Wannan bai kashe zane ba, ya dai juya masa hanya zuwa rubutu da dagi da fure da kusurwa. Allon zayyana shaida ne. In yaro zai yi sauka, mai zayyana ya ƙawata allo da ja da ɗorawa da kore, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, yaro ya zagaya dangi da shi ana ba shi tukuici. Da tawadar gida ake yi, yanzu maka da biro sun shigo, fasalin ma yana sauyawa daga hannu zuwa hannu. Zanen da ba ya kwaikwayon kamannin komai, wanda Turai ta yi ta murnar ganowa a farkon ƙarni na 20, tsohon abu ne a tsangaya.

Rubutun allo ma ya shiga kwamfuta. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da salon harufa mai suna Alkalami, wanda aka tsara bisa rubutun hannu na Kano, mai kauri, irin na Alƙur'anan da ake sayarwa a kasuwa, kuma kyauta ake sauke shi. Wannan salo marubuta irin su Sharif Bala Gabari ne suka yaɗa shi, da Alƙur'anan da suka rubuta da alƙalamin kara aka kai injin bugu.

Tsallaka iyaka ta Illela, ka wuce Birnin Ƙwanni ka nufi Tawa. A ƙauyen Yama wani magini, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a na laka a 1962, daga baya ya ƙara masa bakan gizo da hasumiya huɗu, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, aka kuma ambaci maginin da sunansa. A Dandaji, a jihar nan ta Tawa, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa, aka gama a 2018. Masu nazarin gini daga nesa suna zuwa kallo.

Inda ake baje koli ba tare da gayyata ba

Wanda ke Wurno ko Rabah ba sai ya je Legas wurin ART X, kasuwar zanen da aka fara a 2016, kafin ya ga sabon aiki ba. Ya tsaya bakin hanya lokacin kwasar albasa ya kalli bayan manyan motoci masu bodin katako: zaki, mikiya, doki, dabino, Ka'aba, da karin magana a sama. Ya dubi allunan masu aski da masu gyaran waya. Waɗannan masu fenti, ga wanda ya lura, su ne suka fara karya tsohuwar al'adar ɓoye suna, don sukan rubuta laƙabinsu da lambar waya a gefe. Talla ce, amma sa hannu ne.

Ɗakin amarya ranar jere shi ma aiki ne na ido. Da ƙorai ne da tasoshi, aka koma langa da kwalla da samira, yanzu tangaran da gilashi, amma dokar ba ta canza ba: babba a ƙasa, ƙarami a sama, launi ya amsa launi, kuma 'yan kallo su shigo su yanke hukunci ba sani ba sabo. Masu ƙunshi kuwa sun fi kowa saurin ɗaukar sabon salo. Zanen da aka gani jiya a TikTok, jibi yana hannun ƙawayen amarya a Goronyo, da ja da baƙi, wani da salatif aka fitar da shi.

Idon kallo ma muna da shi, kada wani ya ce sai an koya mana. Mai sayen hula yakan juya cikinta ya duba bayan ɗinki kafin ya taya. Mai sayen riga da taɓawa ɗaya ya san aikin hannu da na keke. Ana cewa hannun wane ya faɗa, ana cewa aiki ya fita, ana cewa wannan kwalliya ce kawai ba ƙwari. Tambaya ɗaya ce ba a cika yi ba, in ma an yi ba a cika amsawa ba.

"Malam, wanga aikin wa na?"

"Na yaranmu na, Alhaji. Nawa ka saye?"

Ayabar

A 2019 wani ɗan Italiya, Maurizio Cattelan, ya manna ayaba a bango da salatif a wata kasuwar zane a Miami, aka saya dala 120,000. A watan Nuwamban 2024 aka yi gwanjon aikin a Sotheby's ta New York, wani attajirin kuɗin intanet, Justin Sun, ya biya dala miliyan 6.2. Abin da ya saya a zahiri takardar shaida ce daga mai aikin da bayanin yadda ake mannawa, ayabar kuwa in ta ruɓe sai a sake wata. Bayan 'yan kwanaki ya tara 'yan jarida a Hong Kong ya ɓare ta ya cinye a gabansu.

Ayabar da aka manna ranar gwanjon, a bakin titi aka sayo ta kusa da gidan gwanjon, a kan santi 35, wurin wani dattijo ɗan Bangladesh. Da labari ya bazu, attajirin ya yi alkawarin sayen ayaba 100,000 daga teburin. Sai dai dattijon ba shi ke da teburin ba, ɗan aiki ne da ake biya dala 12 a awa.